Ranar da Mma ta Shiga Ƙarƙashin Mota

Asabar ɗin da ta biyo bayan Babbar Sallah, a shekarar da nake aji biyar na firamare, matan gidanmu na unguwar Maamobi a Accra suka fito da zannuwansu suka kewaye wata farar pikop da ke tsaye a bakin lungu. Ba shanya suke yi ba. Kowacce ta kama gefen zane ta ɗaga shi daidai ƙirji, wannan zane yana haɗe da wancan, har ƙasan motar ya ɓace wa masu wucewa. Ni ma an ba ni gefe ɗaya, aka ce in na sake shi zan gane kurena. Fatun ragunan layya suna shanye a kan katanga, warinsu ya gauraya da na gota, wato kwatar bakin titi. A cikin zannuwan nan kuwa mahaifiyata ce, wadda muke kira Mma, kwance a kan kwali a ƙarƙashin motar, sanye da tsohon wandon mahaifina, sifana a hannunta. Shi Baba yana zaune a tabarma kusa da tayar gaba, sandunansa na dogarawa a gefensa, yana faɗa mata abin da za ta yi. Man giyar motar za a canza.

Kafin wannan rana da shekaru, Baba direban babbar mota ne. Daga tashar Tudu yake tashi ya nufi arewa, ya dawo da albasa da kwandon zabi da labarai cike da baki. Mutum ne mai surutu, tun yana bakin titi ake jin dariyarsa a tsakar gida. Sai aka yi hatsari a hanyar dawowa, likitoci suka yanke masa ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa. Ƙafar hagu kuwa ita ke taka kuloci, saboda haka tuƙi ya ƙare. Da aka sallamo shi ya samu wani benci a ƙofar ɗakinmu ya zauna, kuma ya daina magana. Ba faɗa, ba zagi, ba komai. In na dawo daga makarantar boko na gaishe shi sai ya ɗaga kai, in na dawo daga ta allo ma haka. Ni da ƙawayena muka kwashe wasanmu na ampe muka koma wani gida, domin ampe tsalle ne da tafi, ba a yin sa a hankali, kuma kunya nake ji in yi tsalle da ƙafa biyu a gabansa. Na tsani bencin nan, har na taɓa roƙon Allah ya turo gara ta cinye shi.

Abokan aikinsa na tasha ne suka haɗa kai suka samo masa pikop ɗin, tsohuwa ce da aka sauke daga jirgin ruwa a Tema. Otomatik ce, abin takawa biyu kawai gare ta, totur da birki, duka na ƙafar dama. A lokacin irinta ba ta da yawa a Zongo, samari suna ce mata motar mata. Ranar da batirinta ya fara yin sanyi, duk majiya ƙarfin lungu suka fito suka tura ta tun daga ƙofar gida har bakin gota, suna gumi suna ihun "Saki! Saki!" alhali babu kulocin da za a saki, kuma irinta ba ta tashi da turi. Baba ya gaya musu tun farko, ba su ji ba, sai ya zauna a ciki ya bar su, yana dariya har da hawaye. Wannan ce dariyarsa ta farko da na ji tun bayan asibiti. Daga nan ya koma aiki. Yana kai wa 'yan kasuwa buhunan masara da gawayi unguwannin Nima da Madina, da safe ya ɗauki tukwanen waakye na Mma, wato wake da shinkafar da take sayarwa, ya kai mata bakin titi. In famfo ya ɗauke, mu yara mu loda jarkoki a baya mu haye kansu muna waƙa. Surutu ya dawo gidanmu, har Mma takan ce masa ya bar ta ta ji da kunnenta.

Bayan damina ta shekarar da nake ba da labari, motar ta fara wani hali. Baba zai sa giyar tafiya, injin ya yi ƙara, ita kuwa ta tsaya kamar tana shawara, sannan ta zabura da ƙarfi har kanmu ya bugi gilashi. A hawan Nima kuwa sai ta yi ta kuka ba ta gaba. Wata safiya ya zaro sandar duba man giya ya goga a farin ƙyalle ya nuna mini. Ya ce lafiyayyen mai ja ne kamar zoɓon da muke kira sobolo. Wannan kuwa ya koma ruwan ƙasa mai duhu, yana warin tukunyar da ta kama. Ya kai ta wajen Masta Awudu, makanikensa na Alajo, wanda suka san juna tun suna yaran mota. Ina baya ina jin su. Masta Awudu ya shinshina man, ya goge hannu a riga ya ce, "Direba, wannan mota ba a buɗe cikinshi. Ka canza mai, giya ya mutu kraa, murus. Ka dinga ƙarawa kawai, Allah ya kiyaye." Haka duk makanikan unguwa suka yi imani a lokacin, cewa tsohon man ne ke riƙe da giyar, ranar da aka zubar da shi ranar za ta mutu. Baba ya ce ƙarya ne, ƙonannen mai ba ya riƙe komai. Ya zaga gareji-gareji, kowa ya ba shi kujera da ruwan sanyi, kowa ya ƙi taɓawa. Na yi fushi da su sosai a lokacin. Sai da na girma na gane cewa tsoro suke ji, babu wanda yake so a ce a hannunsa motar Baba ta mutu.

Sai ya ce zai yi da kansa. Ya sayo sabon mai da matata da robar bakin kaskon giya, ya sa samari suka ɗaga motar da jak suka tokare ta da manyan katakai. Ana saura kwana kaɗan Sallah ya kwanta ya shiga. Amma wanda zai yi aiki a ƙarƙashin mota da dugadugai biyu yake tura kansa yana juyawa, shi kuwa ɗaya gare shi. Ya maƙale a tsakiya, ya yunƙura, dungulmin ƙafar ya bugi ƙarfe ya fashe da jini. Sai da samarin suka kama shi suka jawo shi waje a gaban yara da masu wucewa. Bai ce uffan ba. Ya karɓi sandunansa ya shiga gida, ya zauna a bencin nan. Aka yi Sallah, aka yanka rago, aka yi suya, gida ya cika da hayaƙi da baƙi, Baba yana zaune yana ɗaga wa mutane kai. Naman Sallar wannan shekarar bai yi mini daɗi ba. Tsoro nake ji ƙwarai, domin na san wannan shirun, na kuma san in motar ta tafi babu wata da zai iya tuƙawa.

Ranar Asabar Mma ba ta ɗora waakye ba, abin da ban taɓa gani ba in ba rasuwa aka yi ba. Ta fito daga ɗaki da wandon Baba a ƙarƙashin riga, ta naɗe ƙafafunsa, ta ɗaure kai tamau, ta tsaya a gabansa ta ce, "Maigida, tashi ka nuna mini." Ya dube ta daga sama har ƙasa ya ce, "Adiza, a Zongo? A bakin titi?" Ta ce, "Ba kasko ka ce ba? Na wanke wanda ya fi shi girma." Maƙwabciyarmu Anti Zenabu, mai sayar da koko, tana wanki tana jin su. Ta yarfe kumfa daga hannu ta ce ai kuwa ba za a ga ƙafar Adiza a titi ba suna raye, ta bi ɗaki-ɗaki tana kiran mata kowa ta fito da zane. Haka aka yi labulen nan.

Baba ya sa aka ɗan tayar da injin don man ya yi ɗumi, aka kashe, aka sake duba katakan. Mma ta yi bismilla ta shige da tsohuwar roba ta wanki. Ni ina riƙe da zane amma wuyana yana ciki. Ya ce kada ta kwance notocin duka, ta sassauta na gefe ɗaya sosai, ta bar na ɗaya gefen suna riƙe, don kaskon ya karkata man ya zubo ta kusurwa. Daga ƙasa muka ji ta ce, "To ai tace shinkafa ne." Ba ta rufe baki ba man ya ɓalle, rabi a roba, rabi ya bi hannunta har hammata ya shiga ɗankwali. Ta saki wani zagi da yaren Twi wanda ban san ta iya ba, matan suka kwashe da dariya har labulen yana rawa. Wani dattijo da ke wucewa ya tsaya ya ce, "Haihuwa ake yi ne?" Anti Zenabu ta ce, "E, Baba, wuce da addu'a." Da man ya tsane Mma ta ƙarasa kwancewa ta turo kaskon waje. Baba ya ɗora shi a cinya. A gindinsa akwai ɗan maganaɗisu da ya tara wani baƙin gari. Ya ɗebo ya murza tsakanin yatsu, ya daɗe yana murzawa, yana neman ɓarɓashin ƙarfe, domin in akwai shi to giyar ta riga ta ci kanta. Can ya ce, "Laushi ne. Babu tsakuwa. Alhamdu lillahi." Rabona da jin magana mai tsawon haka daga bakinsa tun kafin Sallah.

Daga nan baki ya buɗe. Yana wanke kaskon yana goge shi tas, yana ta ba da umarni: ta zare tsohuwar matata ta tura sabuwa har ta zauna, ta daidaita robar bakin kaskon kada ta naɗe, ta ɗaure notocin ɗaya nan ɗaya can tsallake-tsallake, kada ta matse da ƙarfin tuƙa tuwo. Ita kuma tana mayar masa da cewa in ya fi ta iyawa ya shigo. Da ta fito, baƙa wuluk, idanu kawai ke haske, ta ɗauko olonka, gwangwanin da ake awon masara da shi a kasuwa, ta auna man da ya fita, don a mayar da daidai shi. Aka sa sabon mazurari a bututun sandar dubawa, tana zubawa a hankali, ja mai kyau, rana tana ratsa shi. Hannuwana sun yi tsami kamar za su cire, amma ban saki zanen ba.

Samari suka sauke motar ƙasa. Baba ya ja jiki ya hau, ya tayar da ita, ya taka birki, ya bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya yana ɗan tsayawa a kowacce don sabon man ya zaga. Injin yana aiki ya sa Mma ta zaro sandar ta goge ta mayar ta sake zarowa, ya duba ya ce a ƙara kaɗan. Sannan ya sa giyar tafiya. Ni ban kalli motar ba, fuskarsa nake kallo. Ya ɗaga ƙafa daga birki, motar ta taka a hankali, ba shawara, ba zabura. Matan suka saki zannuwa suna guɗa, suna "Ayekoo! Ayekoo!" irin sannu da aikin da ake yi wa wanda ya sha wahala. Baba ya miƙa hannu ya buɗe ɗaya ƙofar ya ce wa Mma, "Masta, shigo gaba." Ta ce ya dubi jikinta, za ta ɓata masa kujera. Ya ce ta ɓata. Suka nufi hawan Nima su biyu, muka bi su da gudu har muka gaji. Daga nesa ina hango hannunsa ta taga yana sama yana ƙasa, labari yake ba ta.

Motar nan ta yi ta aiki har na gama sakandare, Baba kuma ya yi ta surutunsa har Allah ya karɓi abinsa. Yau ni ma otomatik nake tuƙawa zuwa aiki, rabin motocin Accra irinta ne, ba mai ce musu motar mata. In lokacin canza man giya ya yi sai in kai ta wani gareji a Madina, su jona mata inji, ni kuma ina zaune a ɗaki mai sanyi ina danna waya, ban taɓa ganin launin man da ya fita ba. Bakin lungunmu an gina shaguna, matan gidan sun watse, wasu sun koma arewa, Anti Zenabu ta rasu. Mma tana wurina yanzu, gwiwoyinta sun ƙi, a kujera take salla. Kwanan baya ina shafa mata man zafi na tambaye ta abin da ya daɗe a raina. Na ce, "Mma, da giyar ta mutu fa, kamar yadda su Masta Awudu suka ce?" Ta ce ita ma ta ɗauka mutuwar za ta yi. Na ce to me ya kai ki? Ta ce, "In giyan ya mutu a hannuna, babanki zai yi fushi da ni, ya yi ta mini faɗa. Mai faɗa ai magana yake yi."

Na ci gaba da shafa mata man, na kasa ɗaga kai. Duk shekarun nan ina zaton mota ta shiga gyarawa.