Farar Tsakuwar Safiyatu

Duk mai sayar da abinci a bakin kasuwar Grand Marché ta san Safiyatu mai tsinta. Daga unguwar Gardolé take zuwa da faifanta, ta zauna bayan rumfar Hajiya Khalida tana raba shinkafa da tsakuwa. Wasu ba sa kiran wannan sana'a, amma da ita ta aurar da 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta. Abin taƙamarta ɗaya ne: ba a taɓa tauna tsakuwa a shinkafar da ta bi ta hannunta ba. Mu maƙwabta har mun haddace kirarin.

Sai wani direba ya karya haƙori a rumfar. Ba a jima ba aka sake.

Safiyatu ta ce baƙar tsakuwa tana ganinta, farar ce ke ɓace mata cikin shinkafa. Hajiya ta kai ta gwajin ido. Aka nuna mata baƙaƙen alamomi a kan farin allo, ta faɗi inda kowace ta fuskanta har layin ƙasa. Aka ce ido garau.

"To, kalas, shi ke nan," in ji Hajiya. "Ido lafiya lau. Ha'inci ne kawai."

Ta sallame ta. Magana zarar bunu ce. Ba wanda ya ƙara miƙa mata ko mudu guda. Kalmar nan ta ci ta fiye da yunwa, har ta daina zuwa biki.

Da ta fara tuntuɓe da dokin ƙofa, 'yarta Bahijja ta kai ta wani asibiti a unguwar Kabalaye. Allon wannan likitan daban ne: alamomin manya ne duka, sai dai kowane layi ya fi na samansa koɗewa. Ba ta kai rabi ba ta tsaya.

"Na ƙasa fa, Baba?" in ji likita.

"Ai ba komai a nan, dokta."

Bahijja, da ke ganinsu sarai, ta kau da kai.

Likita ya ƙara aune-aune, ya ce hawan jinin ido ne ya ci jijiya. Magani zai tsare abin da ya rage, wanda ya tafi kuwa ya tafi.

"Alhamdu lillahi!" in ji Safiyatu. Wallahi da murna ta faɗa, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ko gida ba ta biya ba, ta sa Bahijja ta ja ta zuwa rumfar, ta zayyana komai a gaban jama'a. Hajiya ta saurara, tana zuba wa wani miya.

"Allah sarki, Safiya," ta ce. "Ai da kin faɗa."