Malam Yahouza Sanoussi, Mai Yi wa Ƙwan Ƙuda Allura

Haihuwa da tasowa

A shekarar 1938 aka haifi Malam Yahouza a garin Djougou. Mahaifinsa Sanoussi mahauci ne, sunan mahaifiyarsa Halimatou. Ya sauke Alƙur'ani a 1951, ya kuma yi shekara huɗu a lakwal, wato makarantar boko, inda ya koyi Faransanci. A wurin mahaifinsa ya koyi fiɗa, tare da wata ƙa'ida da ta bi shi har kabari: ba a taɓa mai rai da ƙarfe sai da dalili, kuma sai da bisimilla.

Aure da aiki

Ya koma Parakou a 1960, ya auri Fatchima a 1963, suka zauna a unguwar Tourou. A 1967 wata tashar binciken noma da ke bayan gari ta ɗauke shi wankin kwalabe, har zuwa 1974 da shugaban ɗakin gwaji, Dokta Soumaïla, ya lura cewa hannunsa ba ya rawa, ya koya masa aikin da ya gagari masu digiri.

Aikin kuwa shi ne shigar da magani cikin ƙwan ƙananan ƙudajen da ke taruwa kan ruɓaɓɓen mangwaro, domin a ga abin da maganin ke yi wa halitta tun tana tayi. Ƙwan bai kai ƙwayar gero ba. Yakan wanke shi da ruwan jabel, sinadarin nan mai faranta tufafi, har ɓawon ya narke, ya jera shi a kan gilashi, ya bar shi ya ɗan sha iska don kada ya fashe, ya rufe shi da mai, sannan ya huda shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, da allurar da shi da kansa ya ja daga narkakken gilashi har ta fi gashi siranta. Waɗanda suka shaida sun ce yakan yi wa ƙwai ɗari biyu allura kafin azahar, kowanne da bisimillarsa, washegari kuma mafi yawansu su fito tsutsa, suna motsi.

Al'amarin garin rumbu

A 1978, lokacin da gwamnatin juyin juya hali ke kira da a ninka noma, aka kawo wani garin magani da za a raba wa ƙauyuka don kashe ƙwarin masara a rumbu. Malam Yahouza ya gwada shi wata biyar, ya tarar ƙwai ƙalilan ne ke ƙyanƙyashewa, su ma a naƙashe.

Sai dai ƙa'idar aikin ta tanadi a huda wasu ƙwan da ruwa zalla, domin a bambance ɓarnar magani da ɓarnar allura. Wannan bai yi ba. Da Dokta Soumaïla ya tuhume shi, sai ya ce: “Dokta, ruwa kuma me za a gwada a cikinsa? Ni ɗan mahauci ne, ba na huda rai a banza.” Dokta ya ce masa, da irin kiran 'yan juyin juya hali: “To, kamarad, allurarka za su ce ta kashe su.”

Haka kuwa kwamitin da aka kai wa sakamakon ya ce, aka raba garin a kakar wannan shekarar. Ya sake gwajin daga farko, ya huda ƙwai dubu uku da ruwa zalla, suka rayu, masu magani suka mutu. A 1979 aka janye garin, bayan mutanen yankin Partago sun ci masarar da aka barbaɗa wa shi shekara guda. Ba a taɓa tantance ko ya cutar da wani ba, kuma rashin sanin nan ne ya zauna masa. Ya sha kai wa malamai tambaya ko tausayin da ya jawo cuta yana da lada, bai samu amsar da ta kwantar masa da rai ba.

Ƙarshen rayuwa

Ya ajiye aiki a 1986 saboda raunin gani. Daga nan kowace kaka yakan je Partago, ya bi gida-gida yana tambayar lafiyar yaran da aka haifa a shekarar da aka ci masarar, waɗanda ya haddace sunayensu, su arba'in da ɗaya.

Ya rasu ranar Talata, 14 ga Maris 1989, aka yi masa sutura a maƙabartar Tourou bayan la'asar. Ya bar matarsa Fatchima da 'ya'ya uku: Abduljalil, Hassoumi da Maimouna. A sahun baya na jana'izarsa akwai mutum tara daga Partago, waɗanda suka ce sun san shi ne kawai da dattijon da ke zuwa gaishe da 'ya'yansu. Allah Ya jiƙansa.