Kifin Alhaji Lawali da Ranar da Amurka Ta Zama Ƙarama

Bana shekara shida ke nan da Alhaji Lawali ya riga mu gidan gaskiya, kuma har yau wayata ba ta daina ƙara ba duk lokacin da wasu mutane a wata duniya suka gama buga kurket. Shi ya yi mini wannan aika-aika. Wata rana ya karɓi wayar da sunan zai duba abin da ya hana ta ɗaukar caji, ya latsa nan ya latsa can, ya miƙo mini yana murmushi. Tun daga ranar take kawo mini sakamakon wasan da ban tambaya ba, cikin Ingilishin da ban iya ba, ni da na ƙare ƙuruciyata ina koyar da Faransanci a lakwal, wato makarantar boko. Na sauya waya, abin ya biyo ni. Ina da ikon kai ƙararsa a jarida, domin taubashina ne, mahaifiyarsa ƙanwar mahaifina ce, kuma tsokanar da ke tsakaninmu mutuwa ba ta soke ta ba.

Lawali ya daɗe a Jidda yana tuƙa tankar ruwa, yana kwana ɗaki ɗaya da wasu 'yan Pakistan. Mutane na dawowa daga can da dabino da darduma da haƙorin Makka. Shi kuwa ya dawo mana Madarumfa da kurket, garin da in ba kokowa ba sai balo, wato ƙwallon ƙafa. Sauran ciwo duk an san maganinsu, wannan kam ba mu taɓa jin sunansa ba.

Ya yi iya ƙoƙarinsa ya koya mana. Ina tuna ranar da ya kafa kara uku a ƙofar gidansa, ƙarƙashin bishiyar bedin da muke zaman fada muna hira, ya ɗauko muciyar matarsa Hajiya Saude, ya ba ni ƙwallon goruba ya ce in jefo. Na jefa, ya kai duka da ƙarfinsa na direban tanka, gorubar ta tsallake katanga, sai muka ji ƙarar randa. Ya ɗaga muciya sama ya ce wannan maki shida ne. Daga cikin gida Hajiya ta ce ta ji, shi da makin nasa su tafi kasuwa su nemo mata randa. Iyakar karatunmu ke nan: wani na jifa, wani na duka, ana gudu tsakanin sanduna, sauran kuwa sai Lawali.

Abin da ya kama mu ba wasan ba ne, kifi ne. Akwai gasar ƙasashen duniya ta gajeren wasa, wanda ake gamawa tsakanin la'asar da isha, ba irin na da ba da ya ce ana kwana biyar ana yi. A wannan gajeren, ƙaramar ƙasa kan yi sa'a ta kayar da babba. Sai Lawali ya kafa wa kansa doka: duk ranar da haka ta faru, zai aika tafki a kawo karfasa, Hajiya ta ɗora babban kasko, duk wanda ya zo fada ya ci ya ƙoshi. Ba caca ba ce, ba ya karɓar komai daga kowa. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce a Jidda kullum sai ya yi bayanin inda Nijar take, wasu har su gyara masa su ce Najeriya yake nufi. Ya ce tun daga nan duk wanda ba a lissafi da shi ɗan uwansa ne. A ranar ban tsokane shi ba, domin maganar ta shige ni.

Haka muka zama masu bin sakamakon kurket ba tare da mun gane shi ba. Mun ci kifin Zimbabwe ranar da ta kayar da Ostareliya. Mun ci na Holan har sau biyu a kan Ingila, Allah ya saka wa Ingila da alheri. Mun ci na Afganistan. Sanusi masunci, wanda shi ke kawo kifin, tun yana cikin jirgi yake ɗaga murya in ya hango Alhaji a bakin tafki, yana tambaya ko an kayar da babba. Malam Sha'aibu mai awon hatsi, wanda ba ya yarda da magana sai ya juya ta sau uku, ya haddace tutocin ƙasashe fiye da ɗalibaina.

Matsala ɗaya ce: Lawali shi kaɗai ne alƙali. Mu ce tsibiri ne ɗan mitsitsi ya ci Indiya, a ɗora kasko, ya ce a'a, wannan tsibirin a kurket babba ne, ku sha shayinku ku tafi gida. Mu yi ta gardama har magariba, murya a sama, kamar gado ake rabawa. Kuma kowa ya san duk son da yake wa ƙananan, zuciyarsa na wurin Pakistan saboda abokan ɗakinsa na da. Nakan ce masa, to Alhaji, ranar da wata ƙarama ta kayar da Pakistan fa, kifi ko makoki? Ya gyara hula, ya kira ni da laƙabin malaman lakwal, ya ce, “Mushe, bari ranar ta zo tukuna.” Ranar ba ta zo ba sai da ya tafi.

Bayan rasuwarsa fada ta watse ba tare da kowa ya ce a watse ba. Aka naɗe tabarmi, aka kife kasko a bayan madafa. Mukan biya mu gaishe da Hajiya daga bakin zaure, mu yi addu'a, mu wuce, domin zama ƙarƙashin bedin nan ba tare da shi ba yana da nauyi. Wayata ta ci gaba da ƙara. In duba, in ga tutoci biyu da lambobi, in rasa ko ranar kifi ce ko ranar shayi, in mayar aljihu. Hajiya kuwa, matar da a da ake jin muryarta daga bakin hanya, ta koma mai gajeriyar amsa. Ɗansu Mansur, da ke aiki a Maraɗi, ya daɗe yana roƙonta ta koma wurinsa, har daminar bara ta amince. Aka tsayar cewa bayan sallar layya zai zo da mota ya ɗauke ta, a sa wa gidan kwaɗo. Da na ji, raina ya ɓaci ƙwarai, amma ban ga bakin magana ba. Me zan ce ta zauna ta yi a gidan da ba a ko tari a ƙofarsa?

Ana saura 'yan kwanaki salla, wata Juma'a da safe, na duba waya na ga hoto. Masu tutar Amurka na tsalle suna rungumar juna, 'yan Pakistan sun ɗora hannu a ka. Wannan kam ba ya bukatar Ingilishi. Da aka sauko daga masallaci na nuna wa Sanusi da Malam Sha'aibu.

Sanusi ya ce, “Kai! Yau da Alhaji shina raye da mun ci kifi.”

Malam Sha'aibu ya tsaya cak a tsakiyar hanya. “Kifin mi? Amurka ce fa. Amurka ce ƙarama? Wanda ya je wata ya dawo?”

“A wata ake buga kurket ɗin?” in ji Sanusi. “Duk zamanmu da Alhaji ka taɓa jin ya ambaci Amurka? Wanda ba a ambata ba ai shi ne ƙarami.”

“To ko da ƙarama ce, Pakistan aka ci. Alhaji zai soya kifi don an ci mutanenshi?”

Ni da na kawo maganar na goyi bayan Sanusi, sannan na ga hujjar Malam Sha'aibu na koma wurinsa, sannan na ƙirƙiro ra'ayi na uku da ni kaina ban gane ba. Muna tafe muna yi. Wani tsohon ɗan fada ya ji ya shigo, wani ya faka babur ya ce shi tun farko bai yarda da Holan ba. Wallahi ba wanda ya ce a nufi gidan Lawali. Ƙafafunmu ne suka san inda ake irin wannan gardama. Sai dai muka ankara muna tsaye ƙarƙashin bedi, Malam Sha'aibu na zana taswirar duniya a ƙasa da sandarsa, Sanusi na taka masa Amurka da gangan.

Sai muka ji an buɗe ƙofar zaure. Hajiya Saude ce, da mayafi, tana dubanmu ɗaya bayan ɗaya. Kunya ta kama mu, dattawa da furfura muna ihu a ƙofar matar da ke haɗa kayanta.

Ta ce, “Mushe, mi ya faru?”

Na ce, “Hajiya, a yi haƙuri. Amurka ce ta ci Pakistan, mun rasa gane ko ranar kifi ce.”

Ta ce, “Ni ina na sani? Shekara nawa ina soya muku, ban taɓa sanin wa ya ci wa ba. Hayaniyarku nake saurare daga ciki. In ta yi yawa in ce yau akwai aiki, in fara daka yaji.” Ta goge ido da bakin mayafi. “Tun ɗazu nake jin ku. Na ɗauka kunnena ne. Ban ankara ba sai ga taɓarya a hannuna.”

Sai ta juya ga Sanusi da tsohuwar muryar nan tata, ta ce tsayuwar mi yake yi, ko kifin zai taho da ƙafarsa ne. Ban taɓa ganin mutum mai shekarun Sanusi ya yi gudu irin na ranar ba. Aka ciro kasko daga cikin kayan da aka riga aka ɗaure, aka shimfiɗa tabarmi, ƙamshin man gyaɗa ya cika unguwa. Mun ci, mun yi dariya, wasunmu sun yi kuka suka ce yaji ne.

Da Mansur ya zo da mota bayan salla, ya tarar an kwance ƙunshin kaya. Uwar ta ce masa ba za ta iya tafiya yanzu ba, gasa ba ta ƙare ba. Kuma ba ta yi ƙarya ba, domin a 'yan kwanakin nan Afganistan ta kayar da Ostareliya, aka sake ɗora kasko a gabansa. Ya ci, ya dubi mahaifiyarsa tana yi wa Malam Sha'aibu faɗa a kan ɓarnar albasa, ya koma Maraɗi shi kaɗai. Yanzu shi ke aiko da man suya.

Nakan zauna in yi tunanin abin da Lawali zai ce da ya ga yau. An ƙara yawan ƙasashe, har Uganda ta shiga babbar gasar. Ranar da 'yan matan Najeriya suka kayar da New Zealand a gasar matasa, na tabbata da ya tsallaka iyaka da kifinsa ya raba a Jibiya. Mu kuwa sai da muka yi gardamar ko Najeriya ƙarama ce, ƙasar da ke makwabtaka da mu da wannan ɗimbin jama'a. Da ya ga yadda muke yanke hukunci yanzu, da ya riƙe kai. Ba mu da alƙali, ba mu ƙara sanin komai a kan kurket ba, kuma ina zargin mun sha cin kifin da a zamaninsa shayi kawai za mu samu. Ƙa'idar Hajiya muke bi: in hayaniya ta kai madafa, ranar kifi ce. Sanusi ya gano haka, shi ya sa muryarsa ta ƙara ƙarfi da tsufa.

Lawali bai bar gidan sama ba, bai bar motoci ba. Ya bar bishiya ɗaya da ake zama ƙarƙashinta, da kasko, da dattawan da ke damuwa da ƙasashen da ba za su taɓa gani ba, don kawai ba a lissafi da su. Kwanan baya mai gyaran waya ya ce zai iya kashe mini ƙarar nan cikin ƙiftawar ido. Na karɓe wayata na ce ya yi aikin da na kawo masa.

Tambayar da ya ƙi amsa mini tana nan a raina, don haka a wancan yammacin na Juma'a, da mutane suka fara raguwa, na yi wa Hajiya ita. Na ce, tsakani da Allah, da yana nan, Pakistan aka ci, zai sa a soya? Ba ta yi dogon tunani ba. Ta ce, “Da ya sa an soya. Amma da bai ci ba.” Sai ta ɗauki karfasa mafi girma da ta ware a faranti, ta ba wani matafiyi da ya tsaya neman ruwa, ta ce ya yi wa mai gidan addu'a. Tun daga ranar, kifi na farko da ya fito daga kasko na mai wucewa ne.

Allah ya jiƙanka, taubashina, ya sa ka huta. Ka tafi ka bar mu da wasan da ba mu gane ba, kuma har yau ƙofar gidanka a buɗe take.