Ɗantani da Igiyar Rigar Khadijat

Duk wanda ya taɓa cin abincin rana da Ɗantani a unguwar Al Ras ta Dubai ya ji labarin Yauri, ko yana so ko ba ya so. Kafin shinkafa ta huce ya kai ka bakin kogi. Zai ce maka tun yana ɗan shekara bakwai su shida, shi da abokansa, suke kwance kwale-kwalen mahaifinsa, su ɗinke buhunan taki su ɗaura a gora, iska ta kwashe su har tsibiri. Ba riga, ba takalmi, ba wanda ya san inda suke. In yaro ya faɗa ruwa, manya ba sa rawar jiki. Babansa cewa yake a bar shi ya kurɓa sau uku tukuna, haka ake koyon kogi.

Shekararsa tara ke nan a Dubai, yana tuƙa jirgin ceto a wani kulob da ake koya wa yara tuƙin ƙananan jiragen iska. Aikin bai dame shi ba, dokokin ne ke ci masa rai. Kowane yaro sai an ɗaure shi da rigar ruwa kamar ƙunshin goro, an rataya masa usur, an ƙidaya shi a tudu, an sake ƙidaya shi a ruwa. Madam Pamela, shugabarsu, in ta ga iska ta ɗan motsa sai ta ce khalas, wato shi ke nan, kowa ya fito. Ɗantani ya juya baya ya yi tsaki. Wai waɗannan ne za su san ruwa.

Shi ya zuga Hajiya Ummi Kulsum, 'yar garinsu mai harkar kago, wato tura kaya gida, ta kawo 'yarta Khadijat. Yarinyar shekararta goma, ita kaɗai Allah ya ba ta. Hajiya ta daɗe tana ja da baya, sai da ta ce, "Ɗantani, amana ce fa na ba ka."

"Haba Hajiya, jinin Yauri ce. Ina wurin."

A Asabar ta huɗu Khadijat ta zo masa tana ɓata fuska. "Kawu, igiyar nan ta ƙasa tana cin cinyata."

Igiyar da ke bi ta tsakanin ƙafafu ce, mai hana rigar zamewa sama. Ya duba bai ga Madam ba, ya ɓalle mata ita ya cusa a gefe. Har da yi mata dariya, ya ce su a zamaninsu ko wando ba sa sawa.

Wajen ƙarfe goma iska ta juya. Yana daga jirginsa, tazarar da ba ta fi jifa biyu ba, ya ga jirginta ya karkata ya kife. Doka ta ce ka tashi inji nan take. Hannunsa na kan injin, amma bai ja ba. Muryar babansa ce ta riga shi: bar ta ta kurɓa. Ya zauna yana kallo, har da ɗan murmushi.

Kanta ya fito sau ɗaya. Rigar ta haye ta rufe mata fuska, hannayenta na sama. Sai faffaɗan ƙyallen jirgin ya kwanto a kanta. Ya jira na biyu. Rigar ce ta ɓullo a gefen ƙyallen, mai launin ruwan lemo, tana lilo, ba kowa a ciki.

A nan ne, wallahi sai a nan, ya tuna abokinsa Dikko. Su bakwai ne suke zuwa tsibirin. Shekara talatin yana ba da labarin da mutum shida, bai taɓa lura ya cire ɗaya ba. Dikko ma an tsaya a gaɓa ana ƙidaya masa, ya kurɓa ɗaya, ya kurɓa biyu, sai bayan kwana biyu masunta suka kawo shi a tabarma.

Ya ja inji bai tashi ba. Ya sake ja. Bai san lokacin da ya isa ba, bai san lokacin da ya faɗa ruwa ba. Ƙarƙashin ƙyallen duhu ne, gishiri na cin idonsa, yana lalube yana kamo igiya, yana kamo iska. Tsoro irin wannan bai taɓa jinsa ba, har da Hajiya ya gani a zuci tsaye a gabansa. Sai yatsunsa suka taɓa kitso. Ya damƙa ya ja.

Ta yi amai a kan jirgin ceto, ta yi tari, ta yi kuka.

Madam Pamela ta ɗaga rigar ta ga igiyar a ɓalle, ta tambayi wa ya duba yarinyar. Khadijat ta ce ita ta cire da kanta. Ɗantani yana jin ta, bai ce uffan ba, kuma wannan shirun yana cinsa har yau. Da yamma Hajiya ta zo da turare da shadda, tana hawaye tana sa masa albarka, ta ce duk Al Ras sai sun ji irin ɗan'uwan da Allah ya ba ta. Ya karɓa, kansa a ƙasa.

Da Hajiya ta koma mota amsa waya, yarinyar ta matso kusa da shi, lulluɓe da tawul. A hankali ta yi maganar, ba fushi a ciki, tambaya ce kawai.

"Kawu, da na ɗago na gan ka. Kana kallona kana murmushi. Me ya sa ba ka taho ba?"

Yana nan a kulob ɗin har yanzu. Yaran sun sa masa suna Mai Igiya, don sai ya ja ta kowa sau biyu kafin ya bar shi ya taɓa ruwa. A Al Ras kuwa an daina jin labarin Yauri. Khadijat ba ta sake zuwa ba, kuma bai ba ta amsa ba.