Ɗakin da Muka Ture

Shekarun da na yi ina gyaran barikin sojan da ke bayan Gumel, ta hanyar Maigatari, ban taɓa cin tuwon damina da kwanciyar hankali ba. Ni magini ne, ɗan magini, amma ƙa'idar wurin ta fi ƙarfin sanina. Bature ya ce ba a fitar da kuɗin gyara daga Kano sai ga abin da ya riga ya faɗi. Bango ya tsage, gara ta cinye azara, duk wannan ba ɓarna ba ce tukuna. Sai ɗaki ya zube ƙasa sannan ya cancanci magani.

Ga ƙasarmu rairayi. Ƙasar gini mai kyau sai an ɗauko ta a jakuna daga kududdufi mai nisa, masu jakunan kuwa ba sa karɓar godiya. Don haka aikina ya koma zagaye. In duba wannan bango, in ƙwanƙwasa wancan, in koma gida in kasa zama, in sake dawowa. Matata ta ce ko kazar da ke neman wurin ƙwai ta fi ni natsuwa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne ɗakin ƙarshe a layin masu iyali. Matar wani soja ce a ciki, 'yar Sule Tankarkar, tana jego, mijin kuma an tura shi sintiri bakin iyaka. Na soka yatsa a azarar ɗakin, ya shige kamar cikin tuwo. Na kafa tokara biyu, amma da hadari ya haɗo ta gabas sai na ruga na sake duba su.

Na sami Saje, babban sojan wurin, na gaya masa. Ya ce shi ma ya gani, amma ba a aika wa Bature labarin ɗakin da ke tsaye. Can ya tambaye ni ko bango yana faɗin wanda ya kayar da shi.

Washegari aka yi yayyafi, muka sa aka fitar da kayanta. Ta tsaya da jaririn a kafaɗa ta ce, "Baba, ina zan kwantar da shi?"

Na ce, "Ki yi haƙuri 'yata, kafin ki gama wanka kin koma sabon ɗaki."

Muka cire tokara, muka sa kafaɗa. Wallahi sai da muka yi gumi kafin ɗakin ya faɗi, abin da bai yi mini daɗi ba tun a lokacin. Na kafa mata bukkar zana a gefe, Saje ya tura ɗan aike ya kai wa Bature labarin ɗaki ya faɗi.

Na dinga fita bakin hanya ina leƙen dawowarsa, har masu tallan nono suka fara yi mini ba'a. Da ya dawo, amsar gajeriya ce: kuɗin bana ya ƙare, a jira baɗi.

A bukkar nan ta ƙarasa damina, ruwa na zuba ta sama, yaron na tari. Kullum na wuce sai ta durƙusa ta gaishe ni, ba ta taɓa tambayata ɗakin ba, wannan kuwa ya fi zagi ciwo. Da kaka ta yi, 'yan'uwanta suka zo suka tafi da ita, ban sake jin labarin yaron ba. Ɗakin da ke manne da nata, mai irin tsagewar nan da irin garar nan, har na bar aikin bariki yana nan tsaye.