Amsar da Inna ta aika tsibirin Sebu

Yanzu da tsufa ya zo abubuwa da yawa sun gudu daga kaina, har carbi nakan nema alhali yana rataye a wuyana. Amma ranar da mahaifiyata ta tsaya a gaban turmi ta yi wa wani tsoho waƙa, tsohon da ba ta taɓa gani ba kuma ba ta jin ko kalma ɗaya ta harshensa, wannan rana kam ba zan manta da ita ba sai ranar da aka kai ni makwancina.

Wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da saba'in ne. Ina koyarwa a wata makaranta a Gaya, sabuwar malama mai ji da kanta, ga takalmi mai tsini ga Turanci a baki. A lokacin an kawo malamai da yawa daga ƙasashen waje, kuma maƙwabciyata a gidajen malamai 'yar ƙasar Filifin ce, tana koyar da lissafi. Gajeriya ce, mai saurin dariya. Tun ranar farko ta gyara mini zance: ita ba daga babban birninsu take ba, harshenta ma daban ne. Daga Sebu take, wani dogon tsibiri a tsakiyar ƙasar, kuma harshensu na Sebuwano shi ake yi a tsibiran da ke kewaye da su.

Da la'asar mukan zauna a barandarta ta ba ni labarin gida. Ta ce a gaɓarsu jiragen Sifaniyawa suka fara kafa sansani, kuma sarkin wani ɗan tsibiri da ke kusa da su ne ya kashe jagoran jiragen a bakin ruwa. Takan faɗi wannan da alfahari kamar kakanta ne. Bayan haka Sifaniyawa suka dawo suka mulke su sama da shekara ɗari uku, sannan Amurkawa suka karɓa suka kawo makarantar Turanci. Ta ce talakan ƙauyensu tsakin masara ya fi ci a kan shinkafa. Ta ce a makaranta ana hukunta yaron da aka kama yana yin harshen gida. Na yi dariya na ce mu ma haka aka yi mana, ban dai gaya mata cewa ni ma yanzu haka nake yi wa ɗalibaina ba.

Mahaifinta masunci ne, amma abin da aka san shi da shi waƙa ce da suke kira balitau. Yadda ta bayyana mini, namiji da mace ne ke tsayawa a fili ranar biki, ana kaɗa jita. Namijin ya jefa baiti, macen ta mayar masa nan take, ba rubutu ba shiri, suna tsokanar juna suna takawa, har ɗaya ya rasa ta cewa. Mahaifinta da mahaifiyarta a irin wannan fili suka haɗu, kuma shekara arba'in suna yi tare. Ita kuwa ba ta koya ba. Ta ce tun tana 'yar makaranta take jin kunyar abin, tana ganin sa wasan mutanen ƙauye, kuma in iyayenta suka shiga fili sai ta sulale ta koma gida.

Mahaifiyar tata ta rasu wata shida kafin abin da zan ba ku labari. Ba ta samu zuwa ba, nisa ya yi yawa. Can sai ga kaset daga gida, wani ɗan ƙasarsu da ya dawo daga hutu ya kawo mata daga Kano, haɗe da wasiƙar yayanta. Wasiƙar ta ce tsohon ya daina fita kamun kifi, abinci sai an yi da gaske yake cin loma biyu, kuma ya ce wannan kaset ne na ƙarshe, daga shi zai rataye jitarsa. Ta saurara sau ɗaya, ta zo wurina idonta jawur.

A makon ne Inna ta zo daga Toranke ta kawo mini sabuwar masara. Ni ce 'yar farinta, don haka ba ta kiran sunana, sai ta ce "ke", in kuma tana son tsokana ta ce "Malama". Mahaifina malamin allo ne, ya rasu shekara huɗu kafin nan. Inna kuwa duk unguwarmu an san ta da waƙar daka. In ta ɗaga taɓarya baitoci ke zubo mata, ta yabi wannan ta zolayi wancan, mata su yi ta shewa. Ni dai abin ba ya burge ni. Na yi makaranta, ina ganin bai dace da uwar malama ba.

Ranar Asabar da hantsi Inna tana surfen masara a tsakar gida, don ta ji an ce baƙuwar na son tsaki. Maƙwabciyata ta shigo da rikodarta ta kunna mini kaset ɗin in ji. Muryar tsoho ce, a dishe amma da zaƙi. Ya yi baiti ɗaya ya yi shiru, jitar ta ci gaba da tafiya ita kaɗai. Can ya sake wani baitin, ya sake yin shiru. Na ɗauka kaset ɗin ne ya lalace, har na miƙa hannu zan duba.

Inna ta tsayar da taɓarya. Ta ce, "Ke, bar shi. Ba lalacewa ya yi ba. Mutumin nan jira yake a amsa masa."

Na fassara wa maƙwabciyata. Sai ta rufe fuska da hannu. Ta ce gaskiya ne, wurin mahaifiyarta ne yake bari, daidai tsawon da takan ɗauka tana mayar masa. Ita ya aiko wa don ta cike, ita kuwa ko layi ɗaya ba ta iya haɗawa. Kwana uku tana gwadawa a takarda tana yagawa. Ɗan ƙasarsu da zai tafi gida ya kai amsar ranar Litinin zai tashi, in ya wuce sai bayan wata da watanni.

Inna ta ce, "Me yake cewa?"

Maƙwabciyata ta juya baitin farko zuwa Turanci, ni kuma na juya shi zuwa Hausa. Cewa yake: kin riga ni tafiya ba ki gaya mini inda kika ajiye gishiri ba. Shekara arba'in kina cewa ban iya komai ba, to yau na yarda, fito ki ji da kunnenki.

Inna ta ce, "A nemo abin ɗaukar magana. Ni zan amsa masa."

Nan fa raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Inna. Matar malam guda, ki yi wa wani namiji waƙa a ɗauka a kaset? In aka ji a gari me za a ce? Ni kuma da wane ido zan shiga aji?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Malama, wa zai ji? Kifayen teku? Na haifi bakwai, na binne mijina, haƙorana saura kaɗan. Ni na san shirun nan da yake yi, ke ba ki san shi ba, Allah kuma ya sa ki daɗe ba ki sani ba. In ba za ki fassara ba ki matsa, zan amsa masa ko ban ji me ya ce ba."

Na shige ɗaki na zauna a bakin gado ina huci. Ta taga na hango maƙwabciyata ta fita da sauri, ta dawo da rikoda ta biyu da ta aro a gidan wani malami, da sababbin batura. Na ga sun tsaya su biyu suna kallon juna, ba mai jin maganar wata. Kunya ce ta fito da ni, ba tausayi ba, gara in faɗi gaskiya. Na ce zan fassara, amma da sharaɗi: kaset ɗin ya bar Gaya, kuma kada wanda ya ji shi a nan.

Aka ajiye rikoda ɗaya tana fitar da muryar tsohon, ɗayar tana ɗauka. Na ce Inna ta ajiye taɓarya don kada ƙarar ta ɓata aikin. Ta ce ba ta iya waƙa hannu sake. Tsohon ya gama baitinsa, jitar ta shiga wurin shirun, Inna ta saki taɓarya daidai kan kiɗan kamar tare suka saba, ta ce:

Tsoho mai kwale-kwale, daina kuka,
gishiri yana nan cikin bukka,
mai zuwa lahira ba ta ɗauka,
kai ne dai ba ka buɗe idanunka.

A baiti na biyu ya ce ruwan teku ya yi masa faɗi tunda babu mai jiran sa a gaɓa. Inna ba ta ko ja numfashi ba:

Ni ma nawa ya tafi da damina,
ya bar ni da gero a gona,
na yi kuka har na gaji da kaina,
na tashi na jawo turmina.

Haka suka yi ta yi har baiti tara. Wani wurin ta lallashe shi, wani wurin ta yi masa tatas, ta ce ashe mawaƙin tsibiri rago ne, daga an bar shi shi kaɗai sai ya jefar da kayan aiki. Maƙwabciyata tana dariya hawaye na zuba. A ƙarshe Inna ta matso kusa da rikodar ta yi magana ba waƙa ba: "Ka ci abinci ka samu ƙarfi, sannan ka ba ni amsa in ka isa. Ba na karawa da mai jin yunwa."

Muka kwashe yinin Lahadi muna juya baitocin, daga Hausa zuwa Turanci, daga Turanci zuwa Sebuwano, ta rubuta a takarda ta haɗa da kaset ɗin. Kafin ta rufe ambulan ta ce bari ta kwafa mini ɗaya in ajiye. Na ce a'a, me zan yi da shi. Har yau in na tuna wannan "a'a" sai in ji kamar in mari kaina.

Bayan wata uku amsa ta zo. Farkon abin da muka ji a kaset ɗin dariya ce, tsohon yana yi har da tari. Ya ce a gaya wa tsohuwa mai taɓarya ya samu gishirin, a inda ta ce. Ya ce ta cinye zagayen farko, amma ta shirya. Sannan ya jefo sababbin baitoci, ya bar mata wurinta. Yayan maƙwabciyata ya rubuto cewa tsohon ya gyara kwale-kwalensa, kuma yanzu shi ke tambayar ko abinci ya nuna. Da na kai wa Inna labari a Toranke sai ta ce, "To, ya ji magana." Sau biyu suka ƙara karawa kafin kwantiragin maƙwabciyata ya ƙare ta koma gida, kuma duk sau biyun ban ajiye ko ɗaya ba.

Inna ta rasu bayan shekara biyar. Ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Abin da ta bari tabarma ne da ƙwarya da turminta. Da shekaru suka ja sai na lura muryarta tana ɓace mini. Ina tuna abin da ta faɗa, amma yadda take faɗa ya tafi. Nakan zauna in yi ta ƙoƙarin jiyo ta a kaina, in kasa. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, kuma ban gaya wa kowa ba.

Wata rana, 'ya'yana har sun fara girma, sai ga ɗan ƙunshi ta gidan waya, ya yi yawo makaranta biyu kafin ya same ni. Daga maƙwabciyata ne. Ta ce mahaifinta ya rasu da tsufansa, yana waƙa har shekararsa ta ƙarshe. Ta ce babu baƙon da zai shiga gidan bai kunna masa kaset ɗin Inna ba, har yaran unguwar sun haddace "daina kuka" suna rerawa a bakin ruwa ba su san ma'anarsa ba. Ita ma ta zauna ta koyi balitau a wurinsa kafin ya tafi. Ta ce ta ga ya kamata kaset na farko da Inna ta yi ya dawo wurina.

Na rufe ƙofa na kunna. Ga jitar, ga tsohon, sai ga taɓarya ta sauka, ga Inna, muryarta cak kamar tana tsakar gidana. Na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarta. Tsakanin baiti na uku da na huɗu kuma sai na ji wata murya, siririya mai iyayi, tana cewa, "Inna, ki rage murya mana, mutane za su ji." Tawa ce. Inna ba ta rage ba, Allah ya saka mata da alheri.

Abin da na koya shi ne, abin da iyayenka suka iya, komai ƙanƙantarsa a idonka, kada ka ji kunyarsa, ka zauna ka saurara tun suna nan. Ni na ƙi ajiye muryar uwata, sai wani masunci a can bayan teku ne ya adana mini ita. Tun daga ranar ban sake hukunta yaro don ya yi Hausa a ajina ba, kuma jikokina duk sun san baitocin nan tara. In suna rerawa ba na ce musu su rage murya.