Shekarar da Gwaggo ta Share Ɗakin Anti

Makon jiya maƙwabciyata ta zuba citta da tafarnuwa a cikin mai mai zafi, ƙamshin ya tsallako katanga ya same ni ina wanke-wanke. Nan take na ji raina ya ɓaci, alhali ba wanda ya taɓa ni. Na ajiye soso na zauna a kan turmi. Haka nake da wannan ƙamshin. Ba abinci yake tuna mini ba, wani abu ne da manyan gidanmu suka aikata tun ina 'yar ƙarama, wanda har gobe ban yafe musu ba. Na san za ka ce ba a faɗin haka a kan manya. To ka saurara tukuna.

A unguwar Hausari na tashi, a babban gidan kakanmu mai bishiyar dogon yaro a tsakar gida. Kakan ya rasu kafin a haife ni, Kaka ce babba. Amma mai riƙe da gidan a zahiri Gwaggo ce, yayar babana, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. Idan ta yi tari a ɗakinta, matan gidan sai su rage murya a kicin. Babana direba ne, kullum yana kan hanya, shi ya sa Mama ta koyi yin shiru.

Sai kuma Baba Ƙarami, ƙanin babana, wanda ya tafi ƙasar Caina karatu ya dawo da mata 'yar can. Mu yara Anti muke ce mata. Manya kuwa 'yar Caina suke cewa, ko da tana tsaye a wurin. Ta musulunta tun kafin ta zo, kuma ban taɓa ganin sallah ta wuce ta ba. Ta koyi naɗa lafaya, ta koyi cin burabusko da hannu, ta koyi turara ɗaki da turaren wuta har ta fi wasu 'yan gari iyawa. Kullum da safe sai ta durƙusa a ƙofar Kaka ta yi gaisuwar mutanen garinmu, ta ce "Wushe, Kaka," da wata 'yar siririyar murya da ke ba mu dariya. Zafin bazara ya feso mata ƙuraje a wuya, ba ta yi ƙorafi ba. Ta haifi 'ya mace, aka yi mata wankan jego da tafasasshen ruwa, ta cije ta jure. Duk abin da gidanmu ya ce ta zama, ta zama.

Abu ɗaya tak ta taɓa roƙa. A lokacin sanyi ne, sa'ad da muke kewaye murhu da safe muna jiran kunu. Baba Ƙarami ya tsaya a tsakar gida yana murza hula a hannu, ya ce sabuwar shekarar mutanen matarsa ta kusa, tana so a bana ta yi bikin tare da mu. Ya yi bayani dalla-dalla. Ya ce kafin ranar ana share gida ƙal a fitar da tsiyar bara. A jajibiri kuma da yamma duk dangi sukan zauna su ci abinci wuri ɗaya, wanda duk ya zauna a wannan cin shi ne ɗan gida. Washegari, ranar farko ta shekara, ba a taɓa tsintsiya, don a wurinsu wanda ya yi shara ya share arzikin shekararsa. Ba a kuka, ba a faɗa, ba a furta baƙar magana, saboda abin da mutum ya buɗe shekara da shi, shi zai bi shi har ƙarshenta.

Gwaggo tana tsince wake, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Wato ranar ko an zage ta ba za ta rama ba kenan?"

Matan gida suka yi dariya. Baba Ƙarami ma ya yi, wai shi a ganinsa wasa ne.

Ban taɓa ganin Anti cikin murna irin ta makon nan ba. Ta fito da komai na ɗakinta waje, ta kakkaɓe, ta wanke labule, ta goge har saman ƙofa. Ta hau keke napep da goyonta ta tafi kasuwar Gamboru, ta dawo da fulawa da kabeji da lemo da wani ƙaton kifin Baga. Ta sayo jar takarda a shagon wani Ibo mai sayar da kayan makaranta, ta yanka ta dogaye, ta yi rubutunsu da baƙar tawada ta manna a gefe da gefen ƙofarta. Na tambaye ta me aka rubuta. Ta yi ta lalubo Hausa, can ta ce, "Lafiya shiga. Arziki shiga." Ta ce a ƙasarsu ja launin farin ciki ne, yana korar mugun abu.

Ranar jajibiri tun hantsi take kicin. Ta murza fulawa fale-fale, ta cusa niƙaƙƙen nama da kabeji, ta naɗe baki kamar kunnen jariri, ta jera a faranti har suka cika tire bayan tire. Mu muka raɗa musu suna ɗan waken Anti. Ta soya kifin sukutum da kansa da jelarsa, ta ce ba a cinye shi duka, ana rage saura don shekara ta zo da rara. Gidan gaba ɗaya ya ɗauki ƙamshin citta da tafarnuwa, har yaran maƙwabta suna leƙe ta zaure.

Bayan magariba ta shimfiɗa tabarmi a gindin dogon yaro, ta jera kwanuka, kowa da nasa. Ta bi ɗaki-ɗaki tana kira. A ƙofar Kaka ta durƙusa ta ce, "Kaka, zo ci. Duka gida, ci tare."

Mutane sun fara fitowa, har wasu sun zauna. Sai ga Gwaggo. Ta tsaya a kan tabarmar da takalminta, ta nuna wani kwano da aka ajiye a gefe da tsinkayen cin abinci biyu a kai, ba kowa a gabansa. Ta ce na wane ne. Baba Ƙarami ya ce na mahaifiyar Anti ne da ke can ƙasarsu, haka suke yi wa ɗan gida da ya yi nisa, a ajiye masa wuri kamar yana nan.

Gwaggo ta ce, "Tana can bangon duniya za ta miƙo hannu ta ci a Hausari? Abincin da aka ajiye wa wanda ba a gani ai mun san sunansa. Ga jan ƙyalle a ƙofa, ga rubutun da ba mai iya karantawa. Duk mai son imaninsa ya tashi."

Kowa ya juya yana kallon ƙofar Kaka. Ta fito da sandarta, ta dubi tabarmar, ta dubi Gwaggo, ta ce cikinta ba daɗi yau, ta koma ta saki labule. Shi kenan. Ɗaya bayan ɗaya aka zame. Ni na riga na ɗauki ɗan waken ɗaya yana ƙona mini yatsa, Mama ta murɗe mini kunne har na sake shi a ƙasa. A ɗaki ta ce mini a hankali, "Ba ruwanmu, mu ma a gidan nan zaman haƙuri muke." Baba Ƙarami ya ci loma biyu kansa a sunkuye, ya ce ana jiransa a majalisa. Ta tagar ɗakinmu na ga Anti zaune da jaririyarta a cinya, abincin gida guda yana hucewa a gabanta.

Da Gwaggo ta tsaya a nan, wataƙila da na manta. Ba ta tsaya ba.

Da safe Anti ta fito da jar riga a ƙarƙashin lafaya, fuskarta a wanke, da lemo biyu a hannu, ta je gaida Kaka kamar ba abin da ya faru. Tana durƙushe a can, Gwaggo ta ɗauki tsintsiya. Ka sani, matar nan ko ɗakinta ba ta sharewa, mu take sa wa. Amma ranar da kanta ta shiga ɗakin Anti. Muka ji ƙarar tsintsiya tun daga ƙuryar ɗaki, shar, shar, a hankali, ba gaggawa. Ɗakin da aka goge jiya har yana ƙyalli, me za a share? Ta koro ɓawon lemo da ɗan burbushin fulawa zuwa bakin ƙofa, ta sa hannu ta yage jajayen takardun nan ta haɗa da su, ta bi da su tsakar gida, ta zaure, har titi. Ta dawo tana buga gindin tsintsiyar a tafin hannu, ta ce, "Gidan Musulmi ba ya wuni da datti."

Anti tana tsaye a tsakiyar gida. Ba za ta iya kuka ba, ba za ta iya faɗa ba, kuma Gwaggo ta san haka, tun ranar da take tsince wake ta sani. Na ga idon Anti ya cika taf, ta ɗaga kai sama don kada hawayen ya zubo. Sai ta yi murmushi. Wallahi ban taɓa ganin abu mai ciwo irin murmushin nan ba. Ta ce, "Sannu da aiki, Gwaggo."

Baba Ƙarami yana gefe riƙe da buta. Ya ce, "Yaya, ai da kin bari zuwa gobe." Ta ce, "Me ka ce?" Ya ce ba komai. Namiji da gemunsa, wanda ya ɗauko 'yar mutane daga inda ba ta da kowa sai shi, ya shige banɗaki da butarsa.

Kada ka ɗauka ina cewa arziki yana kwance a cikin ƙurar ɗaki ne. Ni ban yarda da haka ba, Allah ke bayarwa. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, Gwaggon nan ita ce mai dukanmu idan muka yi shara da daddare, wai muna kore albarka. Ita ce mai hana a share ɗakin babana ranar da ya kama hanya, wai kada ya ƙi dawowa. Nata camfin al'ada ne, na baƙuwa kuma kafirci. Ba ta je ta tambayi ko malamin unguwa ba, don ba addini take karewa ba. Ta ga wurin da matar nan ba za ta iya kare kanta ba ne, ta caka mata a nan. Kaka kuma, Allah Ya ji ƙanta, amma sai na faɗa: da ta zauna a tabarmar nan ta kai loma ɗaya bakinta, da ba wanda ya isa ya tashi. Ta zaɓi zaman lafiya da 'yarta, ta bar surukarta a rana.

Anti ta riƙe kukan nan har kwanakin bikinsu suka ƙare. Sannan wata rana da azahar na je ɗebo itace a bayan kicin, na same ta durƙushe ta toshe baki da gefen lafaya, jikinta duka yana girgiza. Ta ci gaba da gaida Kaka kullum, amma ta daina koyon sababbin kalmomi, ta daina tambayarmu sunan abubuwa. Kafin ruwan farko ya sauka ta ce za ta kai jaririyar wurin mahaifiyarta ta gan ta. Baba Ƙarami ya raka su tasha, ya ce zai bi su bayan Sallah. Sallah ta zo ta wuce, wata ma ta zo. Daga baya aka yi masa wani auren. Ya rasu a shekarun da garin nan ya sha wuya, ciwo ne ya kai shi, bai sake sa 'yarsa a ido ba.

Yanzu ka shiga gidan Hausari ka gani. Fitilar sola, wayar hannu, dardumar da Gwaggo ke sallah a kai, har carbin da take latsawa da yatsa, duk daga Caina suke. Ƙasar da aka ce ta matsafa ce ta zama inda kowa ke mafarkin zuwa. Ɗan Gwaggo yana da shagon wayoyi, ya gaji da saye a hannun dillalai, yana so ya je can da kansa ya saro kaya. Sai aka tuna cewa muna da jini a can.

Sun ji labarin cewa na samo 'yar Baba Ƙarami. Gaskiya ne, ta hannun wani tsohon abokin karatun Baba Ƙarami na same ta. Ta girma, tana aiki, goshin babanta ne sak a fuskarta. Ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya, waya ce ke fassara mana.

Gwaggo ta aika a kira ni. Ta tsufa, idonta ya yi rauni, amma muryar tana nan. Ta kama hannuna ta ce, "'Yar nan ai tamu ce, jininmu ce. Ki gaya mata ɗan'uwanta yana tafe, ta sauke shi, ta nuna masa hanya."

Na ce, "Gwaggo, kin san abin da ta fara ce mini ranar da na gaya mata ko ni wace ce? Ta ce ba ta san tana da kowa a nan ba. Mahaifiyarta ta gaya mata babanta mutumin kirki ne, amma ba shi da dangi."

Gwaggo ta saki hannuna. Ta ce, "La'ilaha! Ƙarya ta yi wa yarinya! Duk yawanmu?"

Na ce, "Ta kira dangin mijinta su zo su ci abinci, Gwaggo. Wa ya zo?"

Ɗan Gwaggo ya shigo da wayarsa a hannu, a shirye yake ya rubuta lamba. Na gyara mayafina, na yi musu sallama, na fita na tari keke.